Gaskiya ko Jita-jita: Lilon Ƙugu Yana Gina Damtse?

A Mbamba da ke ƙaramar hukumar Yola ta Kudu, kamar a sauran unguwannin Yola da Jimeta, saurayin da ke son gina jiki ba ya jiran sai ya samu kuɗin shiga babban wurin motsa jiki. Bututun ruwa mai kauri yake nema, ya kwaɓa siminti da tsakuwa da yashi, ya zuba a galan ɗin fenti, ya soka bakin bututun a ciki, ya bar shi ya bushe, sannan ya juya ya yi wa ɗaya bakin haka. Mai aboki bakanike kan samo tsofaffin ƙarafan mota a kai wa mai walda. Benci kuwa aikin kafintan unguwa ne. Da irin waɗannan kaya aka gina ƙirazan da ake gani a gari, kuma ba abin rainawa ba ne.

A irin waɗannan wurare, bayan sallar Asuba ko bayan La'asar idan rana ta yi sanyi, akwai gardamar da ba ta ƙarewa. Wani zai ɗauki ƙarfe don aikin damtse, ya ɗan rusuna, ya watsa ƙugu gaba, ya jefa kafaɗu baya, ƙarfen ya taso har ƙirji, wato lilo ke nan. Na gefe ya ce: “Oga, wannan ba ta shiga lissafi ba, ƙugunka ne ya ɗaga.” Shi kuma ya mayar masa: “To zo ka ɗaga mu gani. Nauyi ke kawo jiki.” Abin da ke damuna a gardamar shi ne kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya yana dukan ɗan'uwansa da shi, sababbin shiga kuma suna kwaikwayon wanda ya fi ƙwanji, ba wanda ya fi sani ba. Bari mu ɗauki maganganun da aka fi ji, mu auna su da abin da aka gwada aka gani.

“Wanda ya ɗaga da lilo ya yi aikin banza”

Jita-jita ce, ko da yake masu faɗin ta sun fi abokan gardamarsu kusa da hanya. An daɗe ana maimaita ta babu gwaji, sai da masu bincike a Kwalejin Lehman da ke birnin New York, tare da Farfesa Brad Schoenfeld, suka yi wani aiki da aka wallafa a 2025. Sun ɗebi matasa 30 waɗanda ba su saba ɗaga ƙarfe ba. Dabarar gwajin ta burge ni: maimakon a raba mutanen gida biyu, sai aka raba hannuwan kowane mutum. Hannu ɗaya yana aikin damtse da na bayan damtse jiki a tsaye cak, babu motsin ƙugu, ɗaya hannun kuma aka ba shi damar taimakon lilo. Tunda jiki ɗaya ne, abinci ɗaya, barci ɗaya, jini ɗaya, ba mai cewa wancan ya fi wannan cin nama. Sau biyu a mako ake yi, zagaye huɗu ga kowane aiki, kowane zagaye ɗagawa 8 zuwa 12 har hannu ya gaza, tsawon mako 8. Da aka auna kaurin tsoka da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, sai aka tarar hannuwan biyu sun ƙaru, kuma ƙaruwar kusan ɗaya ce.

Ke nan lilo ba ya hana tsoka girma. Amma sakamakon bai tsaya nan ba, kuma sauran ya fi muhimmanci. Jimillar nauyin da hannun lilo ya ɗaga ta zarce ta ɗaya hannun nesa ba kusa ba, duk da haka bai fi shi kauri ba. Ina ƙarin nauyin ya tafi? Cinya da ƙugu da gadon baya ne suka raba shi tsakaninsu. Damtse ya karɓi rabonsa ne kawai, daidai da wanda zai samu da ƙaramin ƙarfe a tsaye cak. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Mai lilo ya ɗora wa bayansa da gwiwar hannunsa kaya mai yawa, ya tashi da ribar da wancan ya samu da kaya kaɗan.

A kuma lura da irin gwajin. Ƙananan ayyukan hannu ne aka yi, a gaban masu sa ido, ga mutanen da nauyin da suke iya ɗauka bai kai ya yi ɓarna mai yawa ba. Ba tsugunno da ƙarfe a wuya aka gwada ba, ba ɗaga kilo 100 daga ƙasa ba. Wanda ya ɗauki wannan sakamako ya kai shi can, ya kai shi inda ba a aike shi ba.

“Nauyi ke kawo jiki”

Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai yadda ake zato ba. In ƙarfi kake nema, wato ka iya ɗaga mafi nauyin abu sau ɗaya, dole ka saba da nauyi, domin jiki yana ƙwarewa ne a kan aikin da aka saba masa. Girman tsoka kuwa lissafinsa daban. A 2016 masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada, ƙarƙashin Stuart Phillips, sun raba maza 49 da suka riga suka goge da ɗaga ƙarfe gida biyu. Wasu suna ɗaga mai nauyi sau 8 zuwa 12, wasu marar nauyi sau 20 zuwa 25, kowa har sai ya gaza. Bayan mako 12 tsokar ɓangarorin biyu ta ƙaru daidai wa daida. A turawar benci ne kawai masu nauyi suka fi ƙara ƙarfi. Abin da tsoka take ji shi ne ja da ke kanta da kuma kusantar gajiya, ba ta da labarin lambar da ke jikin ƙarfe.

A nan nake son in daɗe, domin a ganina yawancin lilon da ake yi a unguwanninmu ba daga son burga ya fito ba, daga kayan aikin ya fito. A wurin motsa jiki mai cikakkun kaya, sandar ƙarfe ta maza kilo 20 ce, kuma akwai ƙananan faya-fayai na kilo ɗaya da kwata, mutum ya ƙara ɗaya kowane gefe ya samu ƙarin kilo biyu da rabi. Ƙungiyar likitocin wasanni ta Amurka ta ba da shawara a 2009 cewa in nauyi ya fara yi wa mutum sauƙi, ya ƙara kashi 2 zuwa 10 cikin 100. Yanzu a dubi simintinmu. Lita ɗaya ta kankare tana kai kimanin kilo biyu da ɗigo huɗu. Galan ɗin fenti mai lita 4 zai ba ka wajen kilo 9 ko 10, biyu da bututu a ce kilo ashirin da 'yan kai. Bokitin fenti mai lita 20 in an cika shi yana kusantar kilo 48, biyu sun haura 90. Tsakanin wannan da wancan ƙila akwai guda ɗaya ko biyu a wurin, kuma duk a manne suke da bututunsu, ba a ragewa, ba a ƙarawa. Yaron da ya gama da mai kilo 20, abin da ke gabansa mai 35 ne. Wannan tsallen kashi 75 cikin 100 ne. Babu damtsen da zai haye wannan rata a rana ɗaya, don haka sai ƙugu ya shigo, sai baya ya shigo, kuma daga ranar nan yaron ya koyi ɗagawar da zai riƙa yi shekara da shekaru.

Maganin ba mai tsada ba ne. Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi kilo ɗaya da rabi ce, a ɗaure ɗaya kowane gefe an samu ƙarin kilo 3. Ana iya ƙulla yashi a leda mai kauri a auna. Ana iya haɗa kuɗin buhun siminti ɗaya a zuba matsakaita guda uku ko huɗu a gwangwanaye mabambanta. Kafin nan ma, wanda ke ɗaga mai kilo 20 sau 10 bai gama da shi ba, ya kai shi sau 15, ya kai shi 20, ya riƙa sauke shi a hankali, zai ci gaba da samun tsoka kamar yadda gwajin Kanada ya nuna.

Akwai kuma abin da ba a cika dubawa ba. Bakunan siminti biyu da aka zuba a ranaku daban, da kwaɓi daban, da wuya su zo nauyi ɗaya. Mutum yana ɗagawa yana karkata, ana ce masa hannunsa na hagu ne rago, alhali ƙarfen ne ya rinjaya gefe guda. A aro sikelin mai awo a ɗora kowane baki a gani. Sannan sandar gasa bakunanta suna juyawa da kansu, don kada juyin faya-fayai ya murɗa wuyan hannu. Bututun da aka binne a siminti ba ya juyawa. In ka fizge shi da gudu, duk murɗawar tana sauka a wuyan hannu da gwiwar hannu. Lilon da zai wuce lafiya da kayan zamani yana iya barin tabo da namu.

“Ai Arnold ma da lilo ya gina damtsensa”

Gaskiya ne. Arnold Schwarzenegger, wanda ya ci gasar Mr. Olympia sau bakwai, daga 1970 zuwa 1975 sannan a 1980, ya shahara da ɗagawar damtse mai taimakon ƙugu, kuma Joe Weider, wanda ya kafa gasar, ya sa wannan dabara cikin jerin ƙa'idojin horon da ya yaɗa a mujallunsa. Sai dai yadda suka koyar da ita ba haka ake yin ta a unguwa ba. Ana fara ɗagawa tsaf, jiki a tsaye, har damtse ya kasa ƙara ko ɗaya. A nan ne ake ɗan taɓa ƙugu, gwargwadon abin da zai wuce da ƙarfen wurin da yake maƙalewa, a ƙara biyu ko uku, kuma kowacce a sauke ta a hankali. Manufar ita ce a tsawaita wa tsoka wahala bayan ta gaji. Wanda ya fara lilo tun ɗagawar farko kuwa sauƙaƙa mata yake yi.

Saukewar nan ita ce zuciyar dabarar. Tsoka ta fi ƙarfi wajen riƙe nauyi yana sauka fiye da wajen ɗaga shi, kuma bambancin ya kai wajen kashi 40 cikin 100. Shi ya sa hannun da ya kasa ɗagawa yake iya tare ƙarfen yana saukowa. Mai lilon da ke sakin ƙarfe ya faɗo ya bugi cinyarsa ya zubar da amfanin da ya sa aka ƙirƙiro dabarar. Ga gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi wa kansa: in ba za ka iya ƙirga uku kana sauke ƙarfen ba, ya fi ƙarfinka, ko da kuwa ka iya jefa shi sama.

Game da kwaikwayon zakaru, yanzu da kowa ke da bidiyonsu a waya, har da na Samson Dauda, haifaffen Legas da ya ci Mr. Olympia a 2024, ya kamata a tuna cewa minti ɗaya ake nuna mana daga aikin shekaru. Ba a nuna shekarun da jijiyoyi suka yi suna kauri, ba a nuna likitoci da masu tausa. Arnold da kansa ya amsa cewa ya yi amfani da magungunan ƙara tsoka a zamaninsa. Ronnie Coleman, zakara sau takwas a jere daga 1998 zuwa 2005, wanda aka ɗauka a bidiyo yana tsugunno da fam 800, wato kusan kilo 363, an yi masa tiyata fiye da goma a baya da ƙugu da wuya, har tafiya ta zama sai da sanduna. Ba daidai ba ne a ɗora wannan duka a kan salon ɗagawarsa, domin shi da kansa ya ce ciwon bayansa ya faro tun yana makaranta. Amma yaron da ke kallon ɗagawar ya cancanci ya san abin da ya biyo bayanta.

“Duk fizga maguɗi ce”

Wannan ta masu tsanani ce, kuma jita-jita ce. A tsaya a Kasuwar Jimeta a kalli ɗan dako yana ɗora buhu mai kilo 50 a kafaɗa. Ba da damtse yake ɗagawa ba. Yakan rusuna, ya jawo buhun jikinsa, ya miƙe da ƙarfin cinya da ƙugu, ya shiga ƙarƙashinsa kafin ya dawo. Babu maguɗi a nan, gwaninta ce, domin buƙatarsa buhu ya hau, ba damtse ya kumbura ba. Ɗaga nauyi na gasar Olamfik ma a kan wannan aka gina shi. Ɗagawa biyun da ake yi, ta fizge lokaci guda da ta kaiwa kafaɗa sannan a cilla sama, duka da gudu ake yin su. Da su Ruth Ogbeifo ta ciyo wa Najeriya lambar azurfa a Sydney a 2000, da su Mariam Usman ta samu tagullar gasar Beijing ta 2008, wadda aka miƙa mata daga baya bayan an kama wasu daga cikin waɗanda suka sha gabanta da shan ƙwayoyi. Fizgar da aka koya, ake maimaita ta iri ɗaya kullum, daban take da fizgar da mutum ke yi don nauyi ya fi ƙarfinsa.

Tarihin wannan wasa yana da darasi a kan abin da ke faruwa idan ƙa'ida ta fara sassautawa. Daga 1928 zuwa 1972 ɗagawa uku aka riƙa yi a Olamfik. Ta ukun ita ce a kai ƙarfe kafaɗa, a tsaya, a tura shi sama da ƙarfin hannu da kafaɗa kaɗai. Sannu a hankali 'yan wasa suka fara jingina baya, suna ɗan bugawa da ƙugu, alƙalai suna kau da kai. Nauyi ya riƙa hawa, har Vasily Alekseyev na Tarayyar Sobiyat ya kai kilo 236.5 a 1972. Amma a lokacin wasu na gantsarewa har ƙirjinsu ya kusa kallon sama, alƙalai sun kasa raba halal da haram, kuma bayan gasar Munich ta shekarar aka soke ɗagawar baki ɗaya. Lambobi sun ƙaru, amma abin da ake aunawa ya riga ya canza. Haka yake faruwa ga wanda ke ƙara lilo duk wata yana cewa ƙarfinsa ya ƙaru: ba shi da hanyar sanin damtsensa ne ya ƙaru ko gantsarewarsa.

Wanda ke zaton tsananta ƙa'ida na rage ƙarfi ya dubi 'yan Najeriya a gasar Olamfik ta masu naƙasa. A can turawar benci kaɗai ake yi, kuma dole ƙarfe ya sauka ƙirji, ya tsaya cak, sannan a tura shi hannu biyu su miƙe tare. In ya yi tsalle a ƙirji, alƙalai su kunna jar fitila. Da wannan doka Yakubu Adesokan, mai nauyin jiki ƙasa da kilo 48, ya tura kilo 180 a Landan a 2012. Da ita Folashade Oluwafemiayo, haifaffiyar Jos, ta tura kilo 167 a Faris a 2024 ta kafa tarihin duniya. Ina ganin waɗannan sun fi cancanta a liƙa hotonsu a jikin bangon wuraren ɗaga ƙarfenmu.

Rabin tafiya, da tafiyar hawainiya

Wani nau'in wayon shi ne a gajarta tafiyar ƙarfe: tsugunnon da gwiwa ta ɗan lanƙwashe kawai, benci da ƙarfe bai kusanci ƙirji ba. A wani gwaji na mako 12 da masu bincike daga Norway da Denmark suka wallafa a 2013, masu tsugunno mai zurfi sun fi masu rabin tsugunno samun tsokar cinya, duk da cewa na biyun sun fi ɗaukar nauyi. Binciken baya-bayan nan yana nuna cewa ɓangaren da tsoka ke miƙewa, wato ƙasan tsugunno da ƙasan ɗagawar damtse, shi ne mafi albarka, kuma shi ne lilo ke tsallakewa. A ɗaya gefen, masu cewa sai an ɗauki daƙiƙa goma sha wani abu a kan kowace ɗagawa su ma sun wuce gona da iri. Nazarin da Schoenfeld da abokan aikinsa suka yi a 2015 ya nuna daga rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa 8 sakamakon kusan ɗaya ne, jinkirin da ya wuce daƙiƙa 10 kuma ya fi ƙarancin amfani.

“Ka kuskure sau ɗaya, bayanka ya tafi”

Ana faɗin wannan da kyakkyawar niyya, amma tsoratarwar ta yi yawa. Ɗaga ƙarfe ba ya cikin wasanni mafi haɗari. Nazarin da Justin Keogh da Paul Winwood suka wallafa a 2017 ya samu cewa masu gina jiki kan ji rauni sau ɗaya ko ƙasa da haka a cikin awa 1,000 na horo, adadin da bai kai na 'yan ƙwallon ƙafa ba. Kuma babu wata siffa guda da ta dace da kowa. Dogon mutum mai doguwar cinya dole ya fi gajere sunkuyawa a tsugunno, tsarin ƙashin ƙugu ma ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Ko batun lanƙwasa baya, nazarin da aka yi a 2020 a kan masu ɗaukar kaya bai samu hujja mai ƙarfi cewa ɗan lanƙwasa shi kaɗai ke kawo ciwon baya ba. Jiki yana sabawa da abin da aka saba masa sannu a hankali. Abin da ba ya yafewa shi ne nauyin da bai saba ba, da aka ɗora masa farat ɗaya, cikin gudu, yana a gajiye. Lilon da ya fito daga tsallen kilo 20 zuwa 35 ya haɗa waɗannan duka.

Manyan raunuka suna da wuraren da suka saba faruwa. Tsinkewar tsokar ƙirji ta fi aukuwa a benci, a daidai lokacin da ƙarfe ke ƙasa, tsoka a miƙe. Mai sakin ƙarfe ya bugi ƙirji don ya yi tsalle yana ɗora mata mafi girman ja a inda ta fi rauni. Jijiyar damtse da ke manne a gwiwar hannu takan tsinke ne idan nauyi ya fizgi hannu ya miƙar da shi da ƙarfi. Ta fi samun maza masu shekara 40 zuwa sama, shan sigari na ƙara haɗarinta, haka ma alluran ƙara tsoka, domin tsoka na saurin girma ta bar jijiya a baya.

Amma babban haɗarin da ya fi kusa da mu ba ma wannan ba ne. Wani nazari a kan waɗanda aka kai sashen gaggawa na asibitocin Amurka daga 1990 zuwa 2007 saboda raunin ɗaga ƙarfe ya samu cewa kusan biyu cikin uku ƙarfen ne ya faɗo musu. Can ke nan, inda ake da maratayan da ke tare ƙarfe. A namu benci na katako, mai lilo yana aiki da nauyin da ba zai iya tsayar da shi ba in ya kuɓuce, bututu mai kauri, tafi da gumi, wani ma ba ya naɗe babban yatsa. Kada kowa ya kwanta a ƙarƙashin siminti shi kaɗai a gida. Mai tsaya maka a ka kuma aikinsa ya kama ƙarfe in ya tsaya, ba ya riƙa ja tare da kai yana cewa “Naka ne, ƙara ɗaya!” ba, domin wannan ma lilo ne da hannun wani.

Yanayinmu na ƙara nasa. A watan Maris da Afrilu zafin Yola kan haura digiri 40, gajiya na zuwa da wuri, kuma siffar ɗagawa ita ke fara rushewa kafin mutum ya ankara. Wanda ya yi horo da azumi a baki kafin shan ruwa ya fi buƙatar rage nauyi. Sabon shiga da aka tilasta wa wuce gazawa sau da yawa cikin wannan zafi, in ya ga fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi ga tsoka ta kumbura tana zogi, asibiti zai nufa a ranar, domin alamar narkewar tsoka ce, kuma tana iya taɓa ƙoda. Sai maganar da ba a son yi: masu haɗiyar tiramadol kafin su ɗaga. Zafin gaɓa shi ne saƙon da jiki ke aikowa cewa wani abu ya fara yagewa. Wanda ya kashe saƙon zai ci gaba da lilo a kan jijiyar da ke neman hutu, ga haɗarin farfaɗiya da ƙwayar ke iya tayarwa alhali yana ƙarƙashin ƙarfe.

In abin ya riga ya faru, a san wanda za a kai wa. Jin ƙara kamar tsinkewar igiya, kwanciyar jini a ƙirji ko a lanƙwasar hannu, damtse ya dunƙule ya haura wajen kafaɗa, hannu ya rasa ƙarfin murɗa abu, waɗannan alamun jijiya ce ta rabu da ƙashi. Ɗori da tausa da man zafi ba sa mayar da ita wurinta. Likitan ƙashi ne ke ɗinke ta, kuma aikin ya fi sauƙi da nasara a cikin mako biyu ko uku na farko, kafin ta ja da baya ta ƙage. Ciwon bayan da ya zo da mutuwar ƙafa, ko dindirisi tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari, ba a kwana da shi a gida. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a Yola da Asibitin Ƙwararru a Jimeta, in aikin ya fi ƙarfin nan kuma ana iya tura mutum Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.